Zibrim Jinin-Kowa

A tashar manyan motoci ta Salaga, in ka ce kana neman Zibrim sai an tambaye ka wanne, don sun kai uku. Amma in ka ce Jinin-Kowa, har mai sayar da ruwan leda za ta nuna maka gidansa a Unguwar Malam. Kakanninsa fataken goro ne, irin waɗanda ake cewa jakunansu kan cika fili. Shi dai bai gaji jaki ba, bai gaji goro ba. Abin da ya taras shi ne gida rabinsa a zube, da Hausa mai kyau a baki, da son a san da zamansa. Tun yana saurayi ya bi mota, ya sha wanke taya da kwana ƙarƙashin lori, har Allah ya damƙa masa sitiyari. Daga nan hanyarsa ɗaya ce. Ya ɗauki doya a Salaga da Bimbilla, ya ratsa Yendi, ya gangara dutsen Nakpanduri yana salati, ya sauke a Bawku, ya juyo da albasa.

Sunan kuwa a Yendi ya samo shi. Wata shekara motar wani direba ta kife a bayan gari, aka kai shi asibiti jini na zuba, aka ce a nemo mai ba da jini. 'Yan'uwan mutumin suka tsaya cirko-cirko kowa na kallon ƙasa, don a lokacin ana cewa wanda aka ɗebi jininsa ba ya ƙara moruwa a ɗaka. Zibrim bai ma san mutumin ba, haushin 'yan'uwan ne ya sa ya miƙa hannu. Da aka gwada, nas ɗin ta ce masa, “Rukunin jininka O ne, kuma irin mai wuyar samu. Kowa ana iya ƙara masa naka.” Ita ta faɗa ne kawai ta wuce aikinta. Shi kuwa ya fito kamar wanda aka naɗa wa rawani.

Tun daga ranar bai ƙara jin ana neman jini ya zauna ba. Mai naƙuda, wanda babur ya kayar, yaron da zazzaɓi ya tsotse, duk ya je. In za a faɗi gaskiya, akwai mutane da dama da ke yawo a kasuwar Salaga waɗanda in ba don shi ba da tuni an manta da su. Sai dai Zibrim ba ya ba da jini ya yi shiru. Duk wanda ya ƙara wa ya zama ɗan'uwansa ke nan, ko yana so ko ba ya so. In ya hango Alidu mahauci sai ya ɗaga murya, “Alidu, yaya jinina? Kana dai ba shi abinci ko?” Haka yake yi wa Mma Awawu, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, wadda ya ba jini lokacin da aka yi mata tiyata. Ita har ta saba, takan dafa ƙirji ta ce, “Yana nan lafiya, Masta, yana gaishe ka.” A wurinsa ba wasa ba ne. Ya yi imani jinin da ya shiga jiki ya zauna ke nan, ya hayayyafa, har mai shi ya koma ga Allah.

Cikin duk 'yan'uwan nan nasa na leda, wato waɗanda ledar jini ta haɗa shi da su, babu kamar matarsa Safura. 'Yar Yendi ce, mai dafa wake da shinkafa a ƙofar gida, mai baki kamar reza. 'Ya'ya biyu suka binne kafin a haifi Kausara, kuma a haihuwar Kausara jini ya ɓalle mata har aka fara fidda rai. Zibrim ya sauko daga mota ko wanke hannu bai yi ba, ya kwanta aka ɗiba. Leda ɗaya aka ɗiba. A bakinsa ta zama biyu, daga baya ma takan kai uku in hira ta yi daɗi. Safura ta tashi, amma ba ta sake haihuwa ba. Dangi suka yi ta zuga shi ya ƙara aure, ya ce, “In kai wata ina, ga jinina a ɗaki?” Yana son matar nan. Bai iya faɗa ba, sai dai ya dawo daga Bawku da albasa mafi kyau ya dire mata, ta ce ƙanana ne, ya ce idonta ne ya tsufa. Da shekaru suka ja, ciwon suga ya kama ta, ƙafa ta riƙa kumburi, ta daina zuwa ko'ina sai bakin murhunta. Duk abin da zai shigo mata daga duniya, to ta hannun Zibrim zai shigo.

Sai ga korona. Aka rufe iyaka, aka taƙaita jam'i, aka ce kowa ya rufe hanci da baki. Motocin abinci dai ba su tsaya ba, don ciki bai san doka ba. A nan ne wani saƙon murya ya zagaya wayoyin direbobi, wani mutum da ba wanda ya san shi yana rantsuwa cewa Turawa sun bincika sun gano cutar ba ta kama masu jinin O. Zibrim ya saurara sau ba adadi. Ya cire takunkumin da aka ba shi ya rataye a madubin mota, nan ya zauna yana shan ƙura.

Kausara a lokacin ta zama nas, tana aiki a wani asibiti a Yendi. Da labarin ya kai mata, ta kira shi.

“Baba, ba haka aka ce ba. An ce wataƙila masu O sun ɗan fi sauran tsira, kaɗan ne bambancin, kuma su kansu masu binciken ba su gama tabbatarwa ba. Masu O suna kwance a wurinmu.”

“Irin nawa O ɗin?”

“Baba, don Allah. Kai kana cikin mutane kullum. Mma tana da suga, in ta kamu ba za ta iya ba. In ka dawo daga tafiya ka kwana a ɗakin zaure, ku raba kwano, ka sa nosmas, takunkumin nan, in za ka shiga wurinta.”

Ya yi dariya. “Ke da aka haifa jiya. Uwarki jinin wa ke jikinta? Ranar da kika zo duniya nata ya tsiyaye, nawa aka zuba. Abin da ya tsare ni shi ya tsare ta.”

Ta fara cewa rukunin jinin uwarta A ne, kuma A yake har gobe, amma an riga an kira shi ya matsar da mota, ya kashe wayar. Da ta zo hutu ta share ɗakin zaure da kanta, ta shimfiɗa katifa, ta rataya gidan sauro. Don ya faranta mata ya kwana a ciki sau ɗaya. Tana komawa Yendi katifar ta zama wurin ajiye buhunan albasa.

Abin takaicin shi ne ba a gidansa kaɗai maganar ta tsaya ba. Zibrim ya bi 'yan'uwansa na leda ɗaya bayan ɗaya yana yi musu albishir. Ya ce wa Alidu, ya ce wa Mma Awawu, ya ce wa duk wanda ya taɓa ƙara wa, su kwantar da hankalinsu, garkuwa na jikinsu. Da zuciya ɗaya ya faɗa, su ma da zuciya ɗaya suka karɓa, don mutumin da ya taɓa ceton ranka ba ka tsaya gardama da shi ba. Shekara ta zagayo ba wanda ya yi ko atishawa a cikinsu. Aka fara maganar allurar rigakafi, ya ce a ba masu raunin jini, shi da nasa sun ƙoshi.

A daminar shekara ta biyu, ana loda masa albasa a Bawku, ya lura da wani abu. Leburori na ta share hawaye suna tsaki, wasu buhunan sun fara ruɓa saboda ruwa, kowa na toshe hanci, shi kuwa bai ji komai ba. Ya ɗauki albasa ya fasa da haƙori ya kai hanci. Shiru. Jikinsa na ɗan ciwo, maƙogwaro na kaikayi, ya ce gajiya ce da ruwan sama da ya dake shi a Garu. Ya haɗiyi ƙwaya biyu ya kama hanya. Da ya iso gida ya ɗan tsaya a zaure, maganar Kausara ta faɗo masa, har ya kalli katifar. Sai Safura ta ɗaga labule.

“Baban Kausara, me kake yi a nan kamar baƙo? Shigo, tuwo na hucewa.”

Ya shiga. Suka ci a kwano ɗaya, ya ce miyar ba gishiri, ta ce bakinsa ne ya mutu. Ta shafa masa man zafi a baya da ƙirji, ya kwana a gefenta yana tari ƙasa-ƙasa. Kafin mako ya fita ya warware sarai, ya koma hanya.

Tafiya ta gaba ya taras da wasu matasa masu riguna iri ɗaya sun kafa rumfa a tashar Bawku, suna tsaga yatsan direbobi suna ɗiga jini a wani ɗan abu. An ce bincike suke yi don su san yadda cutar ta yawata. Zibrim da jin an ce jini, shi ne a gaba. Yarinyar da ta gwada shi ta duba, ta yi magana da Turanci, wani ɗan tasha ya fassara masa da irin Hausarsu ta can.

“Masta, ya ce soja ya yi yawa cikin jininka. Sojan korona. Naka ya fi na kowa koraa, nesa ba kusa ba.”

Yarinyar ta ci gaba da bayani, tana nuna ƙirjinta tana tambayar wani abu, amma hon ɗin motoci ya cika wurin, kuma Zibrim ya riga ya miƙe. Ya zaga tashar kaf yana ba da labari. Ga shi dai likita da kansa ya gani da ido. Ya kira Safura don ya yi mata albishir, wayar ta daɗe tana ƙara kafin ta ɗauka. Ta saurare shi har ya gama, ta yi tari mai tsawo, sannan ta ce, “To ka aiko mini da kaɗan daga sojan, nawa kam barci suke.”

Da ya dawo ya taras murhu a kashe, tukwane a kife. Safura na kwance, Mma Awawu na zaune a bakin gadon tana goga mata tsumma mai sanyi, fuskarta a buɗe. Ya ce maleriya ce, ya sayo magani. Bai yi ba, ya sayo wani. Aka kawo rubutu ta sha, aka turara ɗakin. Ita kanta Safura ta hana a faɗa wa Kausara, wai kada a tayar wa yarinya da hankali tana aikin mutane. Haka aka yi ta jan kwanaki. Ranar da Kausara ta kira da kanta, uwar ta kasa haɗa gaisuwa ba tare da ta tsaya neman numfashi ba. Kausara ta ce a ba Baba wayar. Tunda aka haife ta bai taɓa jin ta ɗaga masa murya ba sai ran nan.

“Ka kawo mini uwata yanzu! Yanzu, Baba!”

Ya ɗauke ta cak ya sa a gaban lori, ya jingina ta da filo. Hanyar ta lalace da ruwa, kowane rami sai ta runtse ido. Shi da ya saba zagin hanyar nan, ranar lallashinta ya riƙa yi, yana bin gefe-gefe. Bayan sun wuce Bimbilla ta buɗe ido ta dube shi.

“Baban Kausara, ka ce yana jikina ko?”

“Yana nan. Ina za shi?”

“To shi ke nan,” in ji ta, ta mayar da kai kan filo.

A Yendi mutane masu fararen kaya har ka suka karɓe ta a ƙofa, suka shige da ita wani ɓangare da aka kewaye da igiya. Aka sa mata iskar numfashi. Zibrim ya biyo su yana naɗe hannun riga, yana cewa a ɗiba, ko leda nawa ake so a ɗiba, ai an taɓa yi ta tashi. Mai gadi ya tare shi. Ya fara hayaniya, yana faɗin sunansa kamar sunan zai buɗe ƙofa. Sai Kausara ta fito, ta miƙa masa takunkumi daga nesa, ta ja shi gindin wata darbejiya a bakin katanga.

“Ba jini take nema ba, Baba. Huhunta ne ya cika. Iska take nema.”

“To a ƙara mata nawa, sojan su shiga su taimaki na da. An gwada ni a Bawku, an ce nawa sun fi na kowa yawa.”

Kausara ta tsaya cak. “An ce kana da su? Yaushe?”

Ya faɗa mata, har da ɗan alfahari, don ya zaci abin da zai kwantar mata da hankali ne. Ta tambaye shi ko ya yi rashin lafiya kafin nan. Ya ce ba wani abu ba, ɗan tari ne, da ya daina jin warin albasa. Ta jingina da bishiyar. Ya ga idanunta sun kaɗa a saman takunkumin, sai a lokacin ya sha jinin jikinsa.

“Baba, ba a haifar mutum da waɗannan sojan. Jiki ba ya yin su sai cutar ta shiga, ko an yi maka allura. Kai ba ka yi allura ba. Abin da yarinyar take faɗa maka shi ne ka kamu ka warke.”

“Ni? Da O ɗin?”

“Da O ɗin.”

Ya dubi ɓangaren da aka kewaye da igiya. “Amma ita, nawa na jikinta.”

“Jinin da aka ƙara wa mutum watanni kaɗan yake yi, ya ƙare, jiki ya yi nasa. Ka cece ta ranar, wallahi ka cece ta. Amma kafin a yaye ni babu ko ɗigon jininka a jikin Mma.”

Can ya ce, da wata murya da ba tasa ba, “Ni na kawo mata ke nan.”

Kausara na son uban nan nata, kuma tana jin haushinsa kamar ta fashe. Ta buɗe baki ta ce, “Ba wanda zai iya rantsewa, Baba. Masu sayen abinci ma suna zuwa.” Ta faɗa tana kallon ƙasa. Shi ya raine ta, ya san yadda take yi in tana rufa wa mutum asiri.

Safura ba ta fito ba. Ya yi kwanaki a gindin darbejiyar nan, lorinsa a gefen titi, masu doya na ta kira bai ɗauka ba. Sau ɗaya aka bar shi ya leƙa ta taga, ya ga an kwantar da ita rub da ciki, bai ma ga fuskarta ba. Wata rana da hantsi Kausara ta fito, ta durƙusa a gabansa kawai. A Yendi aka binne Safura, garin da ya ɗauko ta. Masu fararen kaya ne suka sa ta a rami, shi da liman da mutum kaɗan suka yi mata salla daga nesa. Bai ɗauki makara ba, bai zuba ƙasa ba. Kausara ta ce ya koma gida ya kulle kansa, kada ya tara mutane, ita aiki ba zai bar ta ta biyo shi ba sai an kwana biyu.

Amma wa zai hana Unguwar Malam zaman makoki? Kafin ya iso an shimfiɗa tabarmi tun daga zaure har waje. An ce musu suga ce ta tashi, don ba mai son a ce korona ta shiga gidansa. Waɗanda suka ji ƙishin-ƙishin suka gaisa daga bakin ƙofa suka wuce. Waɗanda suka shigo ciki suka zauna gwiwa da gwiwa, fuska a buɗe, su ne 'yan'uwansa na leda. Sun zo su nuna masa ba su gudu ba.

Alidu mahauci ya matso ya kama hannunsa. “Masta, sai haƙuri. Kwananta ne ya ƙare. Ko ma mene ne, mu dai ba mu jin tsoro, jininka na jikinmu.”

Zibrim ya fizge hannunsa ya miƙe. “Babu shi! Ya ƙare tuntuni! Babu komai a jikinku, ƙarya na faɗa muku, ku tashi ku fita, ku rufe hancinku, ku je a yi muku allura!”

Wani ya ce, “Inna lillahi, baƙin ciki ya taɓa shi.” Wani ya ce a riƙe shi kada ya faɗi. Yana ture su suna ƙara matsowa, suna ba shi baki, har suka zaunar da shi da ƙarfi yana ta maimaita cewa ya ƙare, ya ƙare. Mma Awawu ta taso daga wurin mata tana dogara bango, ta ratsa maza ta tsaya a kansa. Ta tsaya ta huta kafin ta iya magana.

“Yi shiru, ɗana, yi shiru. Ni na yi jinyarta har aka tafi da ita, ga ni nan garau. Albarkar jininka ce.”

Ta ɗora masa hannu a ka tana yi masa addu'a. Tafin hannunta zafi rau.